Fuskoki Goma Sha Shida da Auta Bai Ƙarasa Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ku gafarce ni, jama'ar wannan zaure na intanet, da na shigo muku ba a kira ni ba, kuma ta ƙofar wanda ba ya nan. Na san wuri ne na masu aikin kwamfuta, ni kuwa mai ɗinki ce, karatuna na allo ne da 'yan littattafan da suka biyo bayansa. Da ina da wata hanya da ban cinye muku lokaci ba. Da hannu nake rubuta wannan a bayan littafin da nake rubuta awon mutane, matar ƙanena ce za ta buga shi ta saka muku. In kun ga na yi tuntuɓe a kalmomin sana'arku, ku yi mini uzuri.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanena, wanda kuka sani a nan da Mai Gyara, mu kuma a gida muke ce masa Auta, ya rasu ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, a asibiti, bayan ya yi wata biyar yana jinyar ciwon ƙoda. Shekarunsa talatin da bakwai. Ya bar matarsa da 'yarsa guda ɗaya, ya bar ni.

Auta, yau kwana goma ke nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In na zauna a kan keken ɗinki sai in tashi, in na tashi sai in rasa abin da ya tashe ni. Shekaranjiya na ɗinka hannun riga a baibai, na warware, na sake ɗinka shi a baibai. Masu zuwa gaisuwa suna cewa, "Yaya, haƙuri, kewa ce." Kewar tana nan, ba ta tafi ko'ina ba. Amma akwai wani abu da ke tare da ita, wanda shi ne ya hana ni sakat, kuma zan zo kansa. Bari dai in fara da kai, domin mutanen nan rubutunka kawai suka sani.

Kana da shekara huɗu mahaifiyarmu ta rasu, ni ina da goma sha takwas. A hannuna ka tashi. Tun kana ƙarami ba ka yarda da abin da aka rufe aka ce kada a buɗe ba. Kana ɗan shekara tara ka kwance mini rediyo da wuƙar cin abinci, ka mayar da shi, ƙusoshi uku suka rage a hannunka. Na ɗauko tsintsiya zan zane ka, ka yi maza ka kunna shi, ya kama magana fiye da da. Ka ce, "Yaya, ai ƙusoshin nan dama ba su da aikin yi." Na ajiye tsintsiyar na juya maka baya don kada ka ga ina dariya.

Duk wanda ya taɓa shiga shagonka ya san ba a shiga mutum biyu a tare. Ɗan siriri ne, tsakanin mai sayar da magani da mai aski. Gwangwanayen madara jere a kan katako, kowanne da irin ƙusar da ke cikinsa, fanka marar murfi a kusurwa, ƙaurin dalma da ba ya fita daga rigunanka ko an wanke su sau nawa. Ofisoshi suna zubar da tsofaffin kwamfutoci, kai kana bi kana kwasowa. Ka haɗa uku su zama ɗaya, ka zuba mata babbar manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta, wadda ba a saye, wadda kowa ke da izinin buɗe cikinta ya gani ya gyara, sannan ka miƙa wa wanda ba shi da halin saye. Makarantar da ke bayan layinmu, kwamfutoci goma sha huɗu da ke ɗakin karatunta duk daga hannunka suka fito. Shugabar makarantar ta zo gaisuwa, ta ce ko ranar da aka fara yi maka wankin ƙoda sai da ka kira ta a waya kana gaya mata yadda za ta tayar da guda ɗaya da ta ƙi tashi.

Na taɓa tambayarka mene ne wannan lasisin da kuke ta faɗi kamar kalmar shahada. Ka ce, "Yaya, takarda ce da mai abu yake rubuta abin da ya halatta wa mutane su yi da abinsa. Namu kuma kamar ki koya wa mace ɗinki ne, ki ba ta duk takardun yankanki, da sharaɗi ɗaya, ita ma kada ta ɓoye wa wadda ta zo bayanta." Na ce wannan ai sadaka ce mai gudana. Ka ji daɗin maganar har kunnuwanka suka motsa. Daga baya na ji kana maimaita ta ga abokanka kamar kai ka ƙirƙiro ta.

Shekara biyar da suka wuce ka fara wasan da kuka sani da Shagon Gyara. Ni da farko na ɗauka shirme ne, babban mutum da iyali yana yin wasan yara. Sai da ka zaunar da ni a gabansa. Ba harbi, ba gudu, ba wanda ya ci wani. Mutum yana zaune a shago, mutane suna shigowa da kayansu da suka lalace, agogo, fitila, dutsen guga, keken ɗinki irin nawa. Ka buɗe, ka nemo ciwon, ka gyara, mai kayan yana tsaye yana ba ka labarin abin da ya haɗa shi da kayan. Na zauna don in faranta maka rai na minti biyar, sai da aka kira la'asar na tashi.

Akwai wata kwamfuta a ƙarƙashin teburinka da kake kira Tsohuwa. In an kunna ta, mutum zai iya dafa shayi ya sha kafin ta farka. Doka ce a wurinka, duk abin da ka ƙara a wasan sai ka gwada shi a kan Tsohuwa, in ta yi nishi ta kasa, to ba zai fita ba, ko da ka yi wata guda kana yinsa. Ka ce masu irin Tsohuwa sun fi masu sababbi yawa, kuma su ne ba wanda yake yi wa wasa. Wani bawan Allah da ɓarin jikinsa ya shanye ya rubuto maka cewa yana son wasan amma hannu biyu yake buƙata. Ka rufe shago kwana shida da rana tsaka, kwastomomi suna bugun ƙofa, har sai da wasan ya zama ana yinsa da hannu ɗaya. Matarka ta ce maka, "To mu kuma da wane hannun za mu ci?" Ka ce, "Da na dama, kamar kullum."

Amma kai ba ka iya zane ba, Auta, kowa ya sani. Mutanen da ke shigowa shagon nan na cikin wasa, su arba'in da bakwai, ba kai ka zana su ba. Wata baiwar Allah ce a wannan zaure, wadda take rubutu da sunan Tawada. Ba ku taɓa haɗuwa ba, ba ka san garinsu ba. Ta ga wasan tun yana da kwastomomi masu kan ƙwallo da ƙafafun ashana, ta yi maka dariya, sannan ta fara aiko maka da fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ta rubuta maka cewa ga su nan kyauta, ka sa su a wasanka. Kuma duk wanda ya yi wasan ya san fuskokin nan su ne rabin ransa. Akwai matar da ke riƙe da fitila kamar jariri. Akwai tsoho mai rediyo, mai fari a gira ɗaya, wanda yake karkata kai in yana sauraro.

Rigimar ta taso ne shekara uku da suka wuce, lokacin da ka so wasan ya shiga rumbun babbar manhajar, wato ma'ajiyar da duk mai amfani da ita yake ɗaukar kaya kai tsaye ba sai ya yi yawon nema ba. Dokar rumbun ita ce duk abin da zai shiga sai an saki kowane ɓangare nasa, a kwafa, a sauya, har a sayar in an ga dama. Kai ka saki rubutunka tun ranar farko. Tawada ta ce a yi wasa da zanenta, a kwafa, a raba wa duniya, amma ba ta yarda wani ya taɓa fuskokin ko ya kai su wani wuri ba. Ku da kuke nan kun fi ni sanin abin da ya biyo baya. Makonni kuna ja. Wasu suka ce 'yanci ba ya rabuwa biyu, in an ɗaure zane an ɗaure wasa. Wasu suka ce rubutun manhaja kayan aiki ne kamar guduma, fuskar da mutum ya zana kuwa wani abu ne dabam. Ni abin da na gani shi ne kana cin abinci da hannu ɗaya kana bugun madannai da ɗayan, kana ƙunƙuni, abinci yana hucewa.

A cikin kwanakin nan ne ka shigo ɗakin ɗinkina wata ranar da hantsi. Ina durƙushe ina kama bakin wata doguwar riga, da fil uku a bakina. Ka jingina da ƙofa ka ce, "Yaya, tambaya gare ni. In mutum ya ba ka abu kyauta, ka karɓa ka gode, bayan shekara biyu ya dawo ya ce ga sharaɗi, yaya ke nan?"

Ban ɗaga kai ba. Ban ce wane ne ba, ban ce wane abu ba, ban ce da wace magana ya ba ka ba. Ta gefen baki na ce, "Kyauta in ta shiga hannu ta zama ta mai hannun. Sharaɗi kafin bayarwa ake gindaya shi."

Ka ce, "Allah ya ƙara wa Malama daraja." Ka ɗauki almakashina ka yanke wani zare da ke lilo a rigarka, ka fita kana fito.

Ni ke nan, wadda ko ƙyallen da bai kai tafin hannu ba nake naɗewa in mayar wa mai yadi, har ana yi mini ba'a a layi. Na yanke hukunci a kan haƙƙin mutum ban ko cire fil daga bakina ba. A ranar ka shimfiɗa lasisinka a kan komai, har da fuskokin, ka rubuta a nan cewa ka tambayi yayarka wadda ta fi ka sanin halal da haram. Tawada ta amsa da layi ɗaya: "Tunda yayarka ta yanke, shi ke nan. Allah ya bar zumunci." Ba ta sake rubuta komai ba har yau. Wasan ya shiga rumbu, kuka yi murna, ni ma na taya ka murna ban san a kan me aka gina ta ba.

Sai a asibiti na sani. Tun da aka kwantar da kai kullum kana da farar takarda a kan cinya kana zane, hannunka yana rawa. Na ɗauka rage lokaci kake yi. Matarka tana ɗaukar takardun tana dubawa tana cewa, "Wai duk kwastomomin nan naka 'yan ɗaki ɗaya ne? Hanci ɗaya aka raba musu?" Kana dariya har tari ya sarƙe ka. Gaskiyarta, Allah ya jiƙan ka, matan da ka zana da mazan ɗankwali ne kawai ya raba su.

Wata rana bayan azahar, matarka ta sauka karɓo magani, ka ce in matso. Ka nuna mini hoto a waya. Tsohon nan ne mai rediyo, na gane shi da girarsa. Amma an ja masa baki har kunne, an sa masa jajayen idanu, an jefa shi cikin wani wasa na harbe-harbe, yana cikin waɗanda ake bi ana harbewa. Ka ce wasu ne suka ɗauka daga rumbu, kuma ba su yi sata ba, takardar da ka liƙa ce ta ba su izini.

Ka ce, "Mahaifin mai zanen ne, Yaya. Ya rasu kafin ta zana shi. Ta gaya mini tun farko."

Na ce, "Ka manta ne?"

Ka ce, "Ban manta ba. Ban dai so in tuna ba."

Sannan ka ba ni labarin duk abin da na rubuta a sama. Da ka zo kan tambayar da ka yi mini, sai na zauna a bakin gadon. Ka kama hannuna ka ce ba laifina ba ne, kai ka yanka tambayar daidai da amsar da kake so, kamar yadda nake yanka yadi. Na san don ka sauƙaƙa mini ka faɗa. Amma wanda aka tambaya shi ma yana da nasa kason, domin yana iya cewa ban sani ba, kuma ban ce ba.

Ina so jama'ar zaure su san abin da ka yi da ka gane, don ban ga an faɗe shi a cikin ta'aziyyar da aka rubuto ba. Ba wanda ya kama ka. Kai da kanka ka rubuta wa mai kula da rumbun, wanda kuke kira Mai Rumbu, ka ce lasisin da ke kan zanen ba gaskiya ba ne, mai zanen ba ta taɓa yarda ba. Ka roƙi lokaci ka zana naka ka maye gurbinsu. Wasu sun ce za su taya ka, ka ce kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ka rubuta wa masu wasan harbin, suka ce ba za su cire ba sai mai zanen da kanta ta nema. Ka rubuta wa Tawada sau huɗu. Uku sun tafi shiru, na huɗun ya dawo, wai adireshin ya daina aiki. Ka zana fuska talatin da ɗaya. Saura goma sha shida. Ta ƙarshe da ka fara, da'irar kai ce kawai da kunne guda, tana nan a cikin jakar da muka dawo da ita daga asibiti, ban iya fito da ita ba.

Kwana biyar bayan rasuwarka abokinka ya zo, wanda kuke kira Lauya ko da yake bai taɓa shiga kotu ba, saboda ya haddace lasisi kamar karatu. Ba zan faɗi komai a kansa ba sai alheri. Shi ne ya riƙa kai ka wankin ƙoda sau biyu a mako a motarsa, ya jira awa huɗu a kan benci, bai taɓa fashi ba. Ya zo da takarda a hannu, idanunsa sun kumbura. Ya ce Mai Rumbu ya ɗaga wa'adi sau biyu, ba zai iya na uku ba, domin ranar talatin ga wannan wata ake rufe rumbu don sabon fitowar manhajar. In ba a warware zancen zanen ba za a cire wasan, kuma ba a sake buɗewa sai bayan shekara biyu.

Ya ce, "Yaya, hannu kawai za ku sa, ke da matarsa, a matsayin magada. Ga saƙon Tawada na farko, ta ce kyauta. Ni zan tsaya a kan sauran."

Na ce, "Ta ce kyauta ya sa a wasansa. Ta ce ya raba wa duniya?"

Ya ce, "Haba Yaya, shekara biyar na ran mutum fa. Kwamfutocin makarantar nan daga rumbu suke ɗauka. Wadda ake magana a kanta ma ta yiwu ta manta da mu gaba ɗaya."

Na ce, "Shi da ya yi aikin ai ya ce ba gaskiya ba ne. In sa hannu in ƙaryata shi yana kwance?"

Ya naɗe takardar, ya sa a aljihu, ya fito da ita, ya sake mayarwa. Ya ce, "Wallahi ke da shi duk ɗaya ne, taurin kai kamar ƙusar da ta yi tsatsa." Sai ya fashe da kuka, na kawo masa ruwa.

Tun ranar nake kai da kawowa tsakanin ɗakin ɗinki da ƙofar gida. Matarka ba ta ce mini komai ba sai, "Yaya, duk abin da kika gani." Wannan ya fi mini nauyi a kan ta yi gardama, don na san tana so 'yarku ta girma ta tarar da aikin mahaifinta a inda ya ajiye shi. Na je wurin tsohuwar malamata, wadda ta biya mini karatu tun ina yarinya, yanzu ba ta gani sosai. Wannan karon na zauna na warware mata komai daga farko, har da abin da bai yi mini daɗin faɗa ba. Ta tambaye ni abu bakwai ko takwas, irin tambayoyin da ya kamata in yi maka. Sannan ta ce haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya sauke, a neme ta, kada a gaji.

Mutum biyu daga cikinku sun rubuto cewa za su zana sauran goma sha shidan kafin wa'adi, Mai Rumbu kuma ya ce zai karɓa. Allah ya saka muku da alheri, na san don ƙaunarsa kuka yi. Na kwana biyu ina juya maganar, har na kusa cewa to. Sai matarsa ta nuna mini cewa in an cire zanen Tawada duka, sunanta ma zai fita daga jerin waɗanda suka yi wasan. Wato mu ɗauki kayanta ba izini, mu yi shekara uku muna amfani da su, aka wulaƙanta fuskar mahaifinta ta dalilinmu, sannan mu fitar da kayan ta bayan gida mu goge sunanta, ba tare da ta ji kalma ɗaya daga bakinmu ba. Zuciyata ta ƙi. Ta yiwu ina kuskure. Ta yiwu wannan ma wani hukuncin ne nake yankewa a kan abin da ban gama fahimta ba, kuma wannan tunanin shi ne yake tashe ni daga kan keke. Amma mun tsaya da matarsa a kan cewa ba za a saki komai da sunansa ba sai an ji daga gare ta. In ranar talatin ta zo ba mu ji ba, za mu ce wa Mai Rumbu ya cire wasan.

Ban san wa ke da gaskiya a muhawararku ba, kuma ban zo raba gardama ba. Abin da Auta ya tsaya a kai abu ne mai kyau, na ga amfaninsa da idona a ɗakin karatun yara. Sai dai son ya ga an saki komai ya sa ya saki abin da ba nasa ba, ni kuma na riƙe masa ƙofa. Magana zarar bunu ce, ita ma takardar nan taku ashe haka take, in ta fita ba ta komawa.

Auta, ka yi mini biyayyar da ɗa yake yi wa uwa. Ba ka taɓa wuce ƙofata ba ka leƙo ba, ko da tsokana ce ta kawo ka. Na yafe maka duk abin da ke tsakaninmu, wanda na sani da wanda ban sani ba, kai ma na san ka yafe mini. Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Allah ya karɓi tubanka da ka yi da hannu mai rawa. Duk yaron da ya koyi karatu a kan kwamfutar da ka tayar, duk mai rauni da ya sami abin da zai ɗebe masa kewa ta dalilinka, Allah ya sa a mizaninka. Allah ya sa Aljanna ce makomarka, ya haɗa ka da iyayenmu a cikin rahamarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi wata biyar a kan kujerar asibiti ba ta taɓa ɗaga murya ba, kuma ita ce za ta zauna ta buga wannan da idanunta da ba su bushe ba. Allah ya ba ki ladan haƙuri, ƙanwata, ya raya miki marainiyarki ya yi mata albarka. Ina yi wa Lauya ta'aziyya, da Mai Rumbu wanda ya yi mana haƙuri fiye da yadda dokarsa ta tanada, da maƙwabtan shago, da ku duka da kuka yi shekaru kuna gardama da shi kuna ƙaunarsa. Duk wanda ya ɓata wa rai a cikin zafin muhawara, ina roƙonsa ya yafe masa.

Saura ke, Tawada. Ban san sunanki ba, ban san ko kina leƙa wannan zaure ba. Ni ce yayar da aka ce ta yanke. Ban ga zanenki a matsayin naki ba lokacin da na yi magana, ban san da ke ba ma, kuma wannan ba uzuri ba ne, shi ne laifin. Ina neman gafararki, ni da ƙanena, a kan zanenki da kuma a kan mahaifinki, Allah ya jiƙansa. Ya neme ki sau huɗu bai same ki ba. Masu wasan harbin sun ce in kika rubuta musu da kanki za su cire fuskarsa, Lauya ya ce zai nuna miki inda za ki aika, ba sai kin yi magana da mu ba in ba kya so.

Ba na roƙon ki saki zanenki. In kin ce a cire su a bar sunanki, za a yi. In kin ce a cire su har da sunan, za a yi. In kin ce a rufe wasan gaba ɗaya, za mu rufe. Ko da amsarki ita ce ba ki yafe ba, ki rubuto, zan karɓa, zan ci gaba da roƙo. Wanda kuma ya san inda take, ko ya san wanda ya sani, don Allah ya isar mata da wannan yau, kada ya bari sai gobe.

Saura kwana goma sha ɗaya. Matarsa tana buɗe wannan zaure kowace safiya ta karanta mini abin da aka rubuto. Don girman Allah ki amsa da wuri.

Wassalamu alaikum.
Yayar Mai Gyara.